Kwalayen Baba

Baba ya dawo gidanmu da zama a ƙarshen kaka, amma ko sau ɗaya ban ji ya kira abin dawowa ba. Duk wanda ya bugo masa waya daga ƙauyenmu Habkern sai ya ce, "Ina Thun wajen yaron nan, na ɗan leƙo su." Yaron nan ni ne, Kuno, mai shekara hamsin da 'yan kai, mai sanƙo da maganin hawan jini. Leƙowar kuwa da babbar mota ta zo: gado, agogon bango, kujerar da ta riga ta ɗauki siffar bayansa, da kwalayen ayaba cike da duk abin da mutum zai tara a shekara tamanin idan bai yarda da zubar da komai ba.

Dalilin zuwan ba ɓoyayye ba ne. Faɗuwa ya yi a matakalar gidansa, ya kwanta a nan tun safe, har sai da maƙwabcinsa ya lura hayaƙi bai tashi daga rufin gidan ba. Likita ta ce zaman kaɗaici ya ƙare. Baba ya ce likitar yarinya ce. Gidan dai ba a sayar ba, makullin kuma yana aljihun falmaransa, yana taɓa shi lokaci-lokaci kamar mai duba ko zuciyarsa tana nan.

Regula, matata, ta jera kayan cikin mako guda. Kwalayen suka zama fanko. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya mayar wa kowanne murfinsa, ya sa na jibge su a hanyar da ke tsakanin falo da banɗaki har suka kusa taɓa silin. Ni da tumbina sai a karkace muke wucewa.

Ranar da na fito da wuƙa zan fara yanka su, sai na ji muryarsa daga kujera.

"Me za ka yi?"

"Buɗe su zan yi, Baba. Ranar Alhamis ake kwasar kwali."

"Bar su."

"Ai babu komai a ciki."

"Na ce maka akwai? Bar su."

Alhamis ɗin ta wuce. Ta watan da ya biyo baya ma ta wuce.

"Ka san abin da yake jira, ko?" in ji Regula wata rana muna wanke-wanke, ta rage murya. "Ƙanƙara ta narke, ya ce mu mayar masa da kayansa ciki. In ya ce haka, wa zai hana shi? Kai?"

Na ce ai ni ne mai gidan. Ta dube ni irin duban da take yi wa madarar da ba ta tabbatar da kwananta ba.

Gaskiya ta faɗa. Ban taɓa cin Baba a gardama ba, ko a kan yanayin gari. Matakalar gidan nasa kuwa na san ta, a kanta na girma, tsaye take kamar tsani. In ya koma, wata rana za a sake duba rufin gidan a ga babu hayaƙi, kuma ba lalle a duba da wuri ba. Muddin kwalayen nan suna tsaye da murfinsu, a wurina Baba yana da ƙafa ɗaya a tashar mota.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, in da akwai mutum ɗaya a ƙasar nan da ranar kwasar kwali ta zame masa ranar biki, to Baba ne. Wasiƙu ya raba har ya yi ritaya, kullum da asuba yana ɗaure su unguwa-unguwa da igiya, sai ɗauri ya zame masa wani ɓangare na ibada. Damin jaridunsa da na kwalinsa kamar bulo suke fitowa, gefe ya hau kan gefe, igiya ta gitta ta tsaye da ta kwance, ƙulli a tsakiya daram. A Habkern, in motar kwasa ta bar wa wani daminsa a ƙofar gida da jar takardar gargaɗi a manne, Baba kan wuce ya cire hula kamar ya ga gawa. Ni ma ya koya mini. Shi ne abu guda da na gada a wurinsa wanda ba ciwon gwiwa ba.

Sana'ata koyar da tuƙi ce, kuma abu ɗaya na koya a cikinta: babu abin da ke sa mutum ya kai hannu kan sitiyari kamar ya zauna yana kallon wani yana tuƙin banza. Daga nan dabarar ta zo mini.

"Zan yi mummunan ɗauri a gabansa," na ce wa Regula. "Ba zai iya jurewa ba. Zai karɓa ya gyara, in hannunsa ya saba kuma sai ya haɗa da nasa."

"Kuno, duk sanda ka ce kana da dabara sai in tuna ban san inda muka ajiye takardun inshora ba."

"Ki zuba ido kawai."

Muna da namu tarin kwalin, na abubuwan da muka saya don zuwansa: kujerar wanka, ƙarfen riƙewa na jikin bango, fitilar gefen gado. Ranar Laraba da yamma na kwaso su na zube a kicin, daidai lokacin da yake shan miya. Na tattake su da ƙafa maimakon in yanka. Na bar salatif a jiki yana reto. Na cusa guntun soso a tsakani yadda zai leƙo. Sannan na ɗauko zaren kyalli na naɗe kyautar Kirsimeti, ruwan hoda, na zagaya sau ɗaya na yi masa ƙullin takalmi. A can sama kuma na ɗora kwali guda da na sato daga jibgin nasa, wanda aka rubuta G. ZURBUCHEN a jikinsa da manyan baƙaƙe, sunan yana kallon sama.

Sai da raina ya sosu. Ban san rashin iyawa yana da wahala haka ba ga wanda ya iya.

Baba ya dubi damin. Ya dubi zaren. Cokalinsa ya tsaya a tsakanin kwano da baki, miya tana ɗiga. Na jira tsawa.

"Regula," ya ce, "miyar nan ta yi daɗi."

"Na gode, Baba."

Shi ke nan. Ya tashi ya tafi ɗakinsa.

Don in cika laifin, ban jira safiya ba, na sauka da damin tun da sauran hasken rana na ajiye a bakin titi. Maƙwabciyarmu Frau Bieri ta hawa na ɗaya, wadda tagarta ba ta taɓa rufe ido ba, ta buɗe gilashi.

"Herr Zurbuchen, yau Laraba ce."

"Na sani, Frau Bieri."

"To, na ɗauka ko an canza ne ban ji ba." Ta leƙo da kyau. "Kyauta ce za ka ba wani?"

Na ce mata sai da safe.

Gari bai gama wayewa ba Regula ta girgiza ni. "Tashi. Baba ba ya ɗakinsa. Sandarsa ba ta nan, kwat ɗinsa ma."

Ban san mai irin jikina zai iya fita daga gado da wannan saurin ba. Abin da ya faɗo mini shi ne motar farko mai zuwa Interlaken, hanyar Habkern. Na ce shi ke nan, na wulaƙanta sunan tsoho a bakin titi, ya ɗauki makullinsa ya tafi. Ban tsaya jiran lif ba, na bi matakala da kayan barci da silifas ɗin Regula, ƙafa ɗaya.

A kwanar ƙarshe na tsaya cak.

Yana zaune a matakin ƙasa, a zauren shiga, kwat a kan kayan barci, hula a ka. Ya jawo damin daga titi ya shigo da shi. Yadda ya yi, har yau bai faɗa mini ba. Ya yanke zaren kyallin ya jefar gefe. Ya ɓare salatif ɗin kaf, ya dunƙule shi wuri ɗaya. Ya fitar da soson. Kwalayen suna jere a gabansa, gefe a kan gefe, kamar an sa musu ma'auni. Ga ƙwallon igiyar ramarsa da ban ma san ya zo da ita ba, ya riga ya gitta ta ta ƙasa, tsaye da kwance. Saura ƙulli.

Ya kama bakin igiyar biyu. Ya ɗora ɗaya kan ɗaya. Ya zo zai zura, sai babban yatsansa ya ƙi lanƙwasawa, igiyar ta zame. Ya sake kamawa. Ta sake zamewa. Ya kai hannun bakinsa ya hura masa iska, ya murza a cinya, ya sake gwadawa. A karo na gaba ya sunkuya zai kama da haƙori, sai ya fasa, ya zauna yana kallon hannayensa a kan gwiwa kamar baƙin da suka zo ba su yi sallama ba.

Na so in koma sama a hankali in yi kamar ban gani ba. Silifas ɗin Regula ya ƙi ba ni haɗin kai.

"Sauko," ya ce, bai waiwayo ba. "Tun daga hawa na biyu nake jin numfashinka."

Na sauko na zauna kusa da shi. Dutsen matakalar ya yi sanyi har cikin ƙashi.

"Zaren kyauta," ya ce. "Ruwan hoda. Da sunana a sama."

"Hannuna ne ya manta, Baba."

"Kai, rufe mini baki. Ni na koya maka. Ko a makance ba za ka yi wannan ƙullin ba sai da gangan. Ka ɗauka ƙwaƙwalwar ce ta tafi? Yatsu ne suka tafi, malam mai dabara. Ƙwaƙwalwar tana nan, tana kallo."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun sanyin bara. Maɓalli ma sai na yi masa wayo." Ya ja igiyar kaɗan ya sake ta. "Da kuka je kwashe kaya, ba ka ga jaridu cike da ɗakin ƙasa ba?"

Na gani. Har rufi suka kai, a warwatse. A hanyar dawowa ni da Regula mun yi magana a kai da irin muryar da ake maganar rashin lafiya, muka ce tsufa ya fara sa shi tara shara.

"Shekara guda ban fitar da takarda ko ɗaya ba," ya ce. "Ina cewa mutane na daina karanta jarida. Gara su ce na zama jahili da su ga damina a kwance kamar na ɗan birni."

"Da ka ce in ɗaure maka."

"Mutum shi yake ɗaure nasa."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce. Kuma in na ce ka ɗaure, sai ka tambayi dalili. Sai matarka ta sayo mini wata kujerar ta zama a wani wurin. Gidan nan kowane bango yana da ƙarfen riƙewa, kamar jirgin ruwa."

Na yi dariya ban shirya ba. Sai na tattaro ƙarfin hali na faɗi abin da ya hana ni barci wata biyu.

"Mun ɗauka komawa za ka yi. Shi ya sa ka hana a taɓa su."

A nan ya juyo ya dube ni sosai. "Komawa? Da kwalayen ayaba? Wa zai ɗauke su, kai da wannan cikin?"

"To makullin fa?"

"Makullina ne. Sai in rataye shi a ina, a wuyan Frau Bieri?" Ya gyara hularsa. Da ya sake magana, muryar ta sauka. "Ina komawa, ba zan yi maka ƙarya ba. Kullum da safe ina komawa. Ina hawa mota, in sauka a gaban coci, in bi hanyar nan ta bayan rijiya. Sai in zo gindin matakala in tsaya. Daga nan sai in ji matarka tana dafa kofi, in dawo."

Ban dube shi ba, shi ma bai dube ni ba. A gidanmu haka ake rungumar juna.

Lif ya buɗe, Regula ta fito da bargo da silifas ɗina. Ta dubi Baba, ta dubi igiyar da ba a ƙulle ba, ta dube ni. Matar nan ba ta taɓa buƙatar a yi mata bayani ba, abin da ya sa zama da ita yake da daɗi kuma yake da ban tsoro. Ta yafa masa bargon.

"Regula," in ji Baba, "kwalayen nan na sama. Sun tare hanya. Ban san me ya sa kuka bar su wata biyu ba."

"Sakacin Kuno ne, Baba."

"Na sani. Sauko da su."

Lif ya yi ta hawa yana sauka. Zauren ya cika da kwali har babu wurin taka ƙafa. Aka raba aiki ba tare da an zauna taro ba: Regula tana yanka gindin kowane kwali da wuƙar Baba, ni ina ɓare salatif da ƙusoshin ƙarfe, Baba yana karɓa yana jerawa, manya a ƙasa da sama, ƙanana a tsakiya. Tafin hannunsa bai manta komai ba. Bugu biyu a gefe, sai ka ga tarin ya miƙe. Takardar da muka naɗe kwanuka da ita ya sa aka ware, wannan ta ranar kwasar takarda ce. Ledar naɗe kaya mai ƙurajen iska kuwa ya ce a ajiye masa, likita ta ce ya riƙa motsa yatsu. Tun daren da ya zo muke jin ƙas-ƙas daga ɗakinsa muna cewa bututun ɗumama ɗaki ne.

Da tarin farko ya kai tsayin da yake so, ya miƙa mini igiyar ba tare da ya kalle ni ba, ya dafa sandarsa ya ɗora gwiwa a kai ya danne da duk nauyinsa.

"Ja."

Na ja.

"Ja mana! Ba akuya kake lallashi ba."

Na ja har igiyar ta shiga gefen kwalin. Na zura, na juya, na ƙulle, na bar kunnen ɗauka. Ya sa yatsa biyu a ƙarƙashi ya gwada. Bai shiga ba.

"Hm," ya ce. A bakin Baba wannan lambar yabo ce.

Muna kan na huɗu ko na biyar ƙofar hawa na ɗaya ta buɗe. Frau Bieri ta sauko da nata ɗan damin, kwalin shayi da na man goge baki, a ɗaure kamar za a kai wa shugaban ƙasa. Ta tsaya ta ƙare wa zauren kallo: mutum uku da kayan barci, da tudun salatif.

"Ba a aiki a zaure, Herr Zurbuchen. Yana cikin dokar gida."

Baba ya ɗaga hula. "Wane Zurbuchen ɗin? Mu biyu ne."

Ta matso ta duba damin da muka gama. Ta zagaya shi. Ta taɓa kusurwa da bakin takalminta.

"Wannan ba aikin na jiya ba ne."

"Na jiya yana koyo," in ji Baba. "A yi masa haƙuri, bai daɗe da haihuwa ba." Ya dubi nata. "Ƙullin naki ya ɗan karkata hagu."

"Shekara arba'in ba a taɓa bar mini dami ba."

"A Thun," ya ce. "A Thun komai ɗauka suke yi."

Na ɗauka za ta kira mai kula da gida. Sai na ga ta ajiye daminta, ta naɗe hannun riga, ta karɓi wuƙar daga hannun Regula. "Ba haka ake yanka gindi ba, 'yar nan. Kawo."

Mun ji ƙugin motar kwasa tun tana layin baya. Ni na yi ta jigila zuwa bakin titi, dami biyu-biyu, Baba yana tsaye a ƙofa da bargo a kafaɗa yana nuna mini da sanda inda zan ajiye, don layin ya miƙe da gefen titi. Na ƙarshe na ajiye ke nan motar ta shawo kwana. Mutumin da ke maƙale a bayanta ya diro, ya kama damin farko ta kunnen igiya da hannu ɗaya, ya wurga. Ko kwali ɗaya bai zame ba. Ya kama na biyu. Wanda aka rubuta sunan Baba a jiki yana cikin na uku, a tsakiya, inda ba mai gani. Mutumin bai ko kalle mu ba, ya haye, suka wuce. Bakin titi ya koma fayau.

Baba ya tsaya har motar ta ɓace. Sannan ya juyo zai shiga, sai ya ci birki a gaban akwatunan wasiƙun gidan. Kowane akwati da ɗan allonsa na ƙarfe, baƙi, an zana suna da fari, duk girmansu ɗaya. A ƙarƙashin namu akwai guntuwar takardar da na manna da salatif ranar da ya zo, na rubuta sunansa da biro. Gefenta ya fara naɗewa.

Ya sa farce ya ɗaga ta.

"Mene ne wannan?"

"Sunanka ne, Baba. Don mai kawo wasiƙa."

"Mai kawo wasiƙa ya ga wannan sai ya ɗauka ɗan haya ne na mako biyu." Ya ɓare ta gaba ɗaya ya miƙa mini. "Sa a yi na ƙarfe, irin na mutane. Gottfried, cikakke, ban da G da ɗigo."

"Yau zan kira masu yin allon."

"Kira su da kanka, kada ka yi dabara." Ya danna maɓallin lif da kan sandarsa. "Regula, akwai sauran cukun jiya?"